Yadda Za Ka Koya wa Kwamfuta Datse Gaisuwa Har Ta Durƙusar da Kai a Ƙofar Surukai

Ɗan'uwa, in kana da tsohuwar kwamfuta, da layin waya guda ɗaya, da surukai masu mutunci da ba ka taɓa ɓata wa rai ba, gyara zama, darasin nan naka ne. Ga alkawarina: ka bi matakan nan yadda na jera su, kafin a yanke gero za ka iya kwance saƙon tes ka sake ɗaure shi da hannunka, kuma za a daina ambaton sunanka da daɗin baki a gidan su matarka. Tare biyun suke zuwa, ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya.

An gwada hanyar, ta yi. Maƙwabcina Nu'uman, mai shagon kwafi da buga takardu a nan Wudil, ya bi ta daga farko har ƙarshe, kuma da shi zan riƙa yi maka misali. Makaranta ɗaya muka yi ni da shi, wato ta bidiyon waya, inda malami ba ya jin tambayarka, kuma aji ke tashi duk sanda data ta ƙare.

Mataki na 1: Ka guji malami, ka zaɓi lokacin da gida ba kowa

Malami matsala ne. Yana da wata mummunar ɗabi'a ta cewa "tsaya tukuna". Irinmu masu koya wa kanmu ba ma tsayawa. Mukan gane rabin abu, mu cike sauran da zurfin tunani. Nu'uman ya fi ni wannan baiwar. Zai iya wuni yana juya tambaya ɗaya, kamar a ce: in ka tsinci alƙalamin wani ka rubuta addu'a da shi, ladan naka ne ko na mai alƙalami? Irin wannan ƙwaƙwalwar ake nema.

Ya kuma dace da lokaci. Matarsa Saudatu ta tafi wankan gida Lajawa da ɗansu na fari, wajen mahaifinta Malam Ja'afar da mahaifiyarta da kowa ke kira Inna. Arba'in ta yi, ta wuce, ba a ce masa uffan ba. Gida ya yi masa faɗi, tuwon saye ya gundure shi, ba abin da yake so a duniya kamar a ce masa gobe za su dawo. Mai hankali sai ya sayi goro ya hau mota ya tafi Lajawa. Mu kuwa ba da masu hankali muke magana ba.

Mataki na 2: Ka samo modem, ka cusa masa layinka

Modem wata 'yar aba ce kamar ɗan yatsa da ake soka wa kwamfuta, a sa mata layin waya, ta riƙa aika saƙo tana karɓa. Nu'uman ya sami tasa wajen abokinsa Ezekiel, mutumin kudancin Kaduna mai aiki a ɗakin kwamfutocin jami'a, wanda kan biyo shago da yamma su ci gurasa su yi musu.

"Farfesa, wane layi za ka sa a ciki?" in ji Ezekiel.

"Nawa mana."

"Naka na kira? Ka san in yana ciki kira ba zai shigo ba. In aka neme ka fa?"

"Wa zai neme ni? Mai nema ya rubuto."

Ezekiel ya girgiza kai. "Allah ne ya rufa mana asiri da ba ka yi digiri ba. Da ka yi, da Wudil ta yi maka kaɗan."

Kai ma in abokinka ya faɗi haka, ka ɗauka yabo ne. Daga ranar, duk saƙon Nu'uman, mai shigowa da mai fita, ta cikin kwamfuta yake bi.

Mataki na 3: Ka leƙa cikin cikin saƙo

A nan ne za ka ji daɗin kanka. Modem ba ta miƙa maka magana. Wata doguwar igiyar lambobi take ba ka, cakuɗe da haruffa daga A zuwa F, sai kai ka rubuta manhajar da za ta warware ta. Lambar mai aikowa tana ciki, amma an juya ta biyu-biyu, kamar yaron da ya sa takalmi hagu a dama. Ranar da aka aiko ma haka.

Maganar kanta kuwa an yi mata lodin motar Kano ne ranar kasuwa: harafi takwas a kujerar bakwai, kowanne ƙafarsa a cinyar na kusa da shi. Da irin wannan matsin mota ɗaya ke ɗaukar harafi ɗari da sittin. To amma da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ya shigo, sai a ce babban fasinja ne, kujera mai faɗi yake bukata, kuma saboda shi a faɗaɗa ta kowa. Nan take mota ta koma ɗaukar saba'in. Abin da ya yi saura sai a zuba shi a mota ta biyu da ta uku, kowace da 'yar shaida a goshi cewa ita ce ta kaza cikin kaza. Wayar da ke karɓa ita ce za ta jira su duka ta haɗa.

A littafi ke nan. A ƙauyen Ɗankaza, inda sai an hau tudu ake samun sabis, mota ta biyu kan kwana a hanya, wani lokacin ma ba a sake jin ɗuriyarta.

Ranar da Nu'uman ya fara warware saƙo da manhajarsa, "ka sayo mai" aka rubuto, kuma ba shi aka nufa ba, kuskuren lamba ne. Duk da haka sai da ya tashi ya zaga shago.

Mataki na 4: Ka nemo matsala ta gaske, don kuskurenka ya sami madogara

Akwai wata ƙungiyar zumunta ta mutanen Lajawa da Ɗankaza, yawancinsu manoma masu ƙananan wayoyi. Nu'uman ya kai musu kansa. Duk mai sanarwa, suna ko ɗaurin aure ko an kawo taki, ya turo wa layinsa ya fara da kalmar KOWA, manhaja ta raba wa kowa.

Sai dai mutanenmu ba sa shiga magana ta taga. Sai an yi sallama cikakkiya, an tambayi gida, an tambayi iyali, an tambayi gajiya da ruwa da haƙuri da jama'a. Kafin a zo kan batu mota ta farko ta cika ta tashi.

Wata Juma'a aka turo sanarwar an ɗaga wani ɗaurin aure a Lajawa. Shugaban ƙungiya, Alhaji Labaran na Ɗankaza, kashin farko kaɗai ya samu. Ya karanta gaisuwa, ya ji daɗi, ya amsa "lafiya lau", ya zumbula babbar riga mai sitaci, ya hau babur. A ƙofar masallacin da za a ɗaura auren awaki biyu ya tarar suna tuƙa. Daga can ya zarce shagon Nu'uman.

"Nu'umanu, wannan na'urar taka gaisuwa kaɗai aka koya mata?"

"Ranka ya daɗe, maganar tana baya, ba ta iso ba ne."

"To ni na isa! Da rigata! Har mata suna leƙe suna cewa ga waliyyi ya zo."

Ka ga yanzu kana da hujja. Duk ɓarnar da za ta biyo baya, don jama'a ka yi.

Mataki na 5: Ka yi wa kanka fatawa

Maganin a fili yake: a cire gaisuwa, batu ya shiga mota ɗaya. Amma kada ka yi gaggawa. Mutum irin Nu'uman ba ya aikata kuskure sai ya yi masa dogon nazari.

Ya zauna a bakin shago yana kallon manyan motoci suna wucewa gada. Sallama addu'a ce. In wani ya aiko wa ɗan'uwansa addu'a, kai ka tare ta a hanya ka zubar, ba ka ci amana ba? To amma in ka bar ta, addu'ar ta isa, sanarwar jana'iza ta maƙale, mutum ya rasa sallar gawa, wannan alhakin fa na wa? Kuma wanda aka yi wa sallama bai gani ba, amsa tana kansa? In tana kansa, ashe ƙungiya guda za ka jefa cikin zunubi ba su sani ba.

Ya kai wa Ezekiel.

"Farfesa, ka tambayi limaminku mana. Ga shi can gefen mai shayi."

"Ba zai gane ɓangaren fasahar ba."

"To ka tambayi masu saƙon ko sun yarda."

"Ba za su gane ɓangaren addinin ba."

Daga ƙarshe ya yanke wa kansa hukunci: mala'iku sun riga sun rubuta ladan gaisuwa tun sanda mai ita ya danna, saboda haka abin da ya rage ɓawo ne, ana iya zubarwa. Hikimar da za ka riƙe a nan ita ce, fatawar da mutum ya yi wa kansa ba ta taɓa ba shi wahala.

Mataki na 6: In ka fara tsinta, kada ka tsaya a tsakuwa

Ya koya wa manhaja ta tsince sallama, da barka, da duk tambayar da ta fara da "ya". Abu ya yi kyau. Sanarwa ta riƙa isa Ɗankaza a dunƙule. Alhaji Labaran ya aiko da kwandon tumatir.

Nasara ita ce ke kashe irinmu. Nu'uman ya duba ya ga akwai sauran fasinjojin da ba su biya ba: "don Allah", "ina neman alfarma", "in babu damuwa", "in kun ga ya dace", "ko za a taimaka", "na gode". Ya ƙara da "Baba" da "Malam" da "ranka ya daɗe", da addu'o'in rufewa gaba ɗaya. Sannan, don aiki ya yi tsafta, bai sa mai tsintar a kan saƙon ƙungiya kaɗai ba. A bakin ƙofa ya dasa shi, komai ya bi ta hannunsa, shiga da fita.

Ezekiel ya leƙa allon ya ce, "Ka raba ƙofar nan biyu. Kuma ka sa ta riƙa nuna maka abin da ya fita, ba abin da ka rubuta ba."

"Ƙofa ɗaya, mai gadi ɗaya. Haka ƙwararru ke yi."

"Waɗanne ƙwararru?"

Kada ka amsa irin wannan tambayar. Ka miƙa masa gurasa.

Mataki na 7: Kada ka je da ƙafarka

Za a ce maka zuwa da kai ya fi aike. Waɗanda suka faɗi haka ba su da modem.

Gaskiyar magana, Nu'uman tsoron Malam Ja'afar yake. Dattijon ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, kallo kawai yake yi ta saman tabarau har mutum ya tuna laifin da bai yi ba. Don haka Nu'uman ya zauna ya tsara saƙon da bai taɓa tsara irinsa ba. Ya goge, ya sake, ya karanta a bayyane:

"Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba, barka da war haka. Ya gida, ya iyali, ya damina? Ya Inna da ɗawainiya? Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Don Allah Baba ina neman alfarma, in babu damuwa, in kun ga ya dace, ko za a taimaka a dawo da Saudatu ranar Asabar. Na gode, Allah ya ja kwana."

Ya danna. Allo ya nuna masa saƙonsa cikakke, da alamar ya tafi. Ya tashi ya share ɗaki, ya wanke labule, ya sayo sabon gidan sauro.

Asabar ta zo. Ba wanda ya zo tare da ita.

Mataki na 8: In an yi maka shiru, ka yi masa tafsiri

Kada ka ari waya ka kira matarka. Tambaya tana kashe bincike.

Ana nan, sai ga saƙo daga lambar Malam Ja'afar. Nu'uman ya yi bisimilla ya buɗe. Fayau. Ko ɗigo babu.

Wani sai ya ce matsalar na'ura ce. Nu'uman kuwa ya gane nan take cewa dattijo ya yi magana mai zurfi. Saƙon da ba komai a ciki, ai cewa ne "ba ni da abin ce maka". Ko kuwa "kai ba komai ba ne". Ko kuma, da ya ƙara tunani bayan la'asar, "ga fili nan, ka rubuta abin da ka san ya dace", wato takardar saki ake nema cikin kara. Ya kasa cin abinci. Ya buga wa wata ɗaliba aikinta a juye. Ya shiga lissafin duk ranar da ya gaishe da dattijon a tsaye maimakon a tsugune.

"Dattijon da ka ce sai an danna masa waya," in ji Ezekiel, "shi ne zai zauna ya ƙirƙiro maka zagi marar harafi? Buɗe ɗanyen saƙon mu gani."

Mataki na 9: Ka warware da hannu, ka ga aikinka

Manhajar tana ajiye igiyar lambobin kowane saƙo yadda ya shigo da yadda ya fita. Nu'uman ya buɗe na Malam Ja'afar. Ba fanko ba ne. Dogo ne, har kashi biyu. Ya ɗauki biro ya bi shi harafi-harafi, yana sauke kowanne daga kujerarsa, har magana ta fito:

"Assalamu alaikum Malam. Barka da war haka. Ya gida, ya aiki, ya kasuwa? Ya haƙuri da kaɗaici? Allah ya yi albarka."

Gaisuwa ce zalla, kuma mai gadinsa ya cinye ta tas.

Da farko daɗi ya kama shi. Babba ya fara gaishe da ƙarami, ai ba ƙaramin abu ba ne. Sai kuma wani tunani ya taso masa daga ciki. In mai gadi ya cinye ta Baba a shigowa, me ya yi wa tasa a fita?

Ya buɗe nasa. Gajere ne, ko rabin mota bai cika ba. Bai daɗe yana warwarewa ba:

"a dawo da Saudatu ranar Asabar."

Ezekiel ya karanta ta bayan kafaɗarsa. Ya yi ƙoƙari, in ba shi haƙƙinsa, ya toshe baki da hula. Sannan ya fita waje ya dafa bango.

"Farfesa," ya ce da ya sami numfashi, "ko alƙali yana fara sammaci da sallama."

Mataki na 10: Yanzu ka je da ƙafarka

Nu'uman ya zare layinsa daga modem, ya sayi goro da sabulu da lemo, ya tafi Lajawa. Ya tarar da Malam Ja'afar a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna.

"Baba, an wuni lafiya?"

"Lafiya lau, Malam Nu'umanu. Ya hanya? Ya Wudil? Ya kogi, ya cika? Ya abokinka na jami'a? Ya injin kwafi?"

Duk sanda Nu'uman ya buɗe baki zai shiga bayani, sai dattijo ya sako wata gaisuwar. Ya tambayi mai shayi, ya tambayi liman, ya tambayi rufin shago ko yana yoyo. Sai da ƙafafun Nu'uman suka mutu sannan ya ajiye ƙotar ya dube shi ta saman tabarau.

"Saƙonka ya iso. Sai na ce wa Saudatu, da alama gaisuwa ta yi tsada a Wudil, rubuta masa tamu mu aika, mu a ƙauye tana da araha."

"Baba, wallahi na rubuta. Na'ura ce ta cire."

"Ita ta koya wa kanta?"

Nu'uman ya sunkuyar da kai. "Ni na koya mata."

"To madalla da ilimi." Dattijo ya ɗauki goro ɗaya ya ɓare. "Ni dai na yafe tun ranar. Amma wayar ba a hannuna take ba sanda ya shigo. Tana cikin gida, mata sun cika tsakar gida ana sussukar masara, Innar Saudatu ta miƙa wa Ikilima maƙwabciya ta karanta. Ikilima kuwa ka san muryarta. Shiga ka gaishe da Innar."

Ya shiga. Ya tsuguna a ƙofar ɗakin Inna, ya kwararo gaisuwar da ta fi wadda ya rubuta tsawo: gida, jiki, ɗawainiya, ruwa, hayaƙi, rashin barci da jariri. Daga bayan labule aka ce:

"Lafiya."

Ya jira sauran. Babu saura. Can ya ji tana yi wa jariri wasa: "Angona, ka ji masu oda sun zo. Ka ce musu mu nan ba a yi mana Asabar."

A hanyar fita Saudatu ta tare shi a bakin rumbu, da yaron a kafaɗa. Ta miƙa masa shi, tana danne dariya.

"Injiniya, sannu da aiki. Ni na san kana datse gaisuwa tun a gida, in na ce sannu da zuwa ka ce 'uhm' idonka na kan allo. Ban dai san har ɗalibai ka fara ɗauka ba."

"Yaushe za ku dawo?"

"Ka ga irinta ko? Ko ya jiki ba ka ce min ba."

Ya ce ya jiki. Ya ce ya yaron. Ya rungume ɗansa har aka kira magariba, sannan ya mayar da shi, ya hau mota shi kaɗai.

Gargaɗi da wanke hannu

Har zuwa rubuta wannan darasin Saudatu tana Lajawa. Nu'uman kan rufe shago duk Juma'a ya je ya tsuguna a ƙofar Inna. Makon jiya amsar ta kai "lafiya lau", kuma aka turo masa fura a kwanon da ake ba baƙin kirki. Saudatu ta ce in ya dage, tana jin kafin a cire wake za a tambaye shi ya hanya, daga nan kuma sai haɗa kaya.

Ni dai na koyar, ban aike ka ba. Duk abin da ya same ka, ko ya sami aurenka, ko guiwoyinka, tsakaninka ne da surukanka. Kada ka ambaci sunana a zaurensu, kuma ba na rakiya. Mai ƙorafi ya zo shago da ƙafarsa, ya yi sallama, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, sannan in ga ko ina da lokaci.